Kawu Bitwire, Mai Kunnen Tari

Kawuna Bitwire gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ƙafafunsa kamar an kafa taɓare biyu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana bin sawun goggon biri a dajin Bwindi. Tun baƙi ba su gama shan shayin safe ba ya riga ya shige daji da addarsa, ya nemo inda birai suka kwana, ya ƙirga makwancinsu na ganye, ya tona kashinsu da tsinke ya ga ko cikin wani ya ɓaci, sannan ya bi sawu har ya cim musu, ya kira ta oba-oba a kawo masu kallo. In ka tambaye shi shekarun 'ya'yansa sai ya waiwaya ya dubi matarsa. Amma tambaye shi ranar da wata biranya ta haihu, har ruwan da aka yi a ranar zai gaya maka.

Ni ne Mujuni, ɗan ƙanwarsa. Aji biyu na yi a sakandare, makarantar ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita, muka rabu lafiya. Na yi acaɓa a Kabale, na yi suyar ƙwai da burodi a tasha, na yi wata biyu ina koyon aski har na yanke wa wani kunne. Yanzu motar 'yan yawon buɗe ido nake ja, irin mai rufin da ake ɗagewa. Kawu bai taɓa kiran wannan aiki ba. Cewa yake zama ne ake biyana.

Zaman daji ya ɓata Kawu ta hanyoyi da dama. In zai tunkari birai yakan yi wani gurnani can cikin maƙogwaro, wanda a wurinsu yake nufin ni ne, lafiya ta kawo ni. To, abin ya bi jikinsa. Da gurnanin yake shiga ɗakin girkin matarsa, Inna Kentaro. Da shi yake shiga coci. Akwai ranar da sabon fasto ya miƙo masa hannu, Kawu ya sunkuyar da kai ya yi masa gurnani, bawan Allah ya ja da baya har ya take ƙafar mai ganga.

Amma abin da ya yi suna a kai shi ne kunne. Dokar dajin ita ce mai mura ko tari ba ya zuwa kusa da birai, domin murar da za ta kwana uku a jikin mutum tana iya kashe su. Baƙi kuwa sun sha wuya kafin su zo, saboda haka ɓoyewa suke yi. Su sha magani, su tsotsi alawa, su danne. Kawu yana da dabararsa. A ranakun da ba shi ne mai shigar sassafe ba, shi yake raba wa baƙi sanduna, sai ya ce su biyo shi su ga wani wuri mai kyau, ya haura da su wani ɗan tudu da sauri kamar ana kora. A can sama babu abin gani sai bayan gidan ma'aikata. Sai ya tsaya, ya juya musu baya, ya kasa kunne. Duk wanda ya ɓoye tari a ƙirji, nan yake fitowa. Ya taɓa mayar da wani ƙaton mutum da ya hau jirgin sama uku kafin ya iso. Mutumin ya yi kuka, ya yi zagi, ya durƙusa. Kawu ya karɓe sandarsa ya ce, "Ka sha citta."

A cikin biran duka akwai nasa. Sunansa Kireju, babban namiji mai farin baya. Kawu ya fara binsa tun yana matashi mai jifan mutane da reshe, shekara biyu yana zama kusa da shi cikin ruwan sama kafin ya yarda a kalle shi. Yanzu Kireju ya tsufa, haƙoransa sun zube, ƙirjinsa ya yi rauni, masu bin sawu suna cewa da wuya ya ga damina biyu.

Sai Kawu ya cika sittin, aka ce ya ajiye adda. Wanda ya bar aiki kuwa ba ya shiga dajin sai da takarda kamar kowane baƙo, takardar kuma rana ɗaya tak take ɗauke da ita, awa ɗaya a gaban birai. Abokan aikinsa suka haɗa kai suka samo masa ita, da sunansa, ranar Alhamis. Suka ƙara da cewa tunda ya yi shekara talatin da ɗaya yana yi wa baƙi hidima, a bari shi ma ya yi baƙunta: kwana biyu a mota, ya ga tafki da filin namun daji, a dawo da shi dutsen Bwindi ranar Laraba da yamma, Alhamis ya je ya yi ban kwana da Kireju. Maigidana mai motar ya ba da kujera ɗaya a ciki.

"Ni zan kai ka, Kawu," na ce masa. "Za ka ga dabbobi na gaske, ba masu kama da kai ba."

"Uwarka ma da ni take kama," in ji shi. "Je ka gaya mata."

Ya shigo mota ranar Talata da kwat ɗinsa ta zuwa coci, da takalmin roba, ya cusa ƙafar wando cikin safa saboda kwarkwasa. Na ce masa babu kwarkwasa a mota. Ya ce motar da ni nake ja, komai ma akwai. Takardar tana aljihun ƙirji cikin leda biyu, kowane rami muka faɗa sai ya dafa ta. A baya akwai wani Bature da matarsa, mijin da kyamara mai tsawon hannuna. Da suka ji ko wane ne Kawu, suka bar kallon hanya suka koma kallonsa.

A tafki aka fara samun matsala. Kawu mutumin dutse ne, bai taɓa sa ƙafa a jirgin ruwa ba. Ya sa rigar ceto, ya nemi ta biyu, ya zauna a tsakiyar jirgi ya riƙe benci da hannu biyu. Da muka iso wurin dorina, matuƙi ya kashe inji, Turawa suna ta ɗauka.

"Ina dabbar?" in ji Kawu.

"Ga su nan, Kawu, sun fi ashirin."

"Kunnuwa nake gani. Sauran fa?"

"Suna cikin ruwa."

"Wato mutum ya taso daga ƙasarsu ya zo kallon kunne."

Wata ta buɗe baki ta yi hamma, ya leƙa ya ce haƙoranta ba su da kyau. Wata ta juya baya ta yi kashi tana watsa shi da wutsiya, nan ne kaɗai na ga ransa ya yi fari. Ya ce wa matuƙi ya matsa kusa ya duba. Matuƙi ya ce shi yana da iyali.

Washegari muka sauka fili. Ciyawa har iyakar gani, zafi, ga ƙudan tsando. Kawu ya ce ƙasar nan ba a gama ta ba, an shimfiɗa an manta ba a sa duwatsu ba. Na sha wuya na samo musu zakuna huɗu kwance a kan rassan ɓaure, abin da wasu direbobi suke yin kwana uku ba su gani ba. Bature ya yi ta ɗaukar hoto. Kawu ya dube su ya dubi agogo.

"Su wa suka bi sawunsu da safe?"

"Babu kowa. Wani direba ne ya kira ni a waya."

"Sunan wancan babban fa?"

"Ba shi da suna, Kawu, zaki ne."

"Ba ka san sunansa ba, ba ka san abin da ya ci jiya ba, ka tsaya a cikin mota kana nuna shi da baki. Mujuni, kai da allon talla bambancinku kaɗan ne."

Matar Baturen ta tambaye ni me ya ce. Na ce cewa ya yi bai taɓa ganin direba irina ba.

Da azahar, a hanyarmu ta fita, Kawu ya ce fitsari. Na ce ya daure mu kai ƙofar fita. Ya ce shi bai taɓa neman izinin yaro kafin ya yi fitsari a daji ba. Na duba hagu na duba dama, babu komai sai wani kududdufi da ƙaton baƙin dutse a gefensa. Na tsaya na ce ya yi a jikin taya. Ina, shi mai kunya ne, ga mace a mota. Ya taka ya nufi bayan dutsen.

Dutsen ya miƙe tsaye.

Tsohon ɓauna ne, irin wanda garke ya kora, laka har ƙaho. Duk wanda ya tashi a fili ya san abu ɗaya: ka ga wannan, ka nemi mota ko bishiya. Amma Kawu ɗan Bwindi ne. Shekara talatin da ɗaya yana koya wa mutane cewa in babban namiji ya taso maka kada ka gudu, ka tsuguna, ka sunkuyar da kai, ka nuna kai ba kowa ba ne. Ina kallo ya tattare kwat, ya tsuguna a gaban ɓauna, ya kawar da ido, ya tsinko ciyawa ya sa a baki yana taunawa. Sannan ya yi masa gurnani.

"Kawu! Ba biri ba ne! Taso!"

"Rufe mana baki," ya ce a hankali, bai ɗago ba. "Kana tsorata shi."

Ɓaunan ma kansa ya rikice. Ya tsaya yana kallon wannan ɗan mutum mai kwat da ke cin abincinsa. Ya yi huci, ya kafta ƙasa da kofato, ya sauke kai. Ban san lokacin da na sa giya ba. Na danna ham na shiga tsakaninsu da mota, ɓaunan ya kai wa ƙofar baya duka har Bature ya zauna a cinyar matarsa, Kawu kuwa garin kauce wa tayata ya yi baya ya faɗa kududdufi, ruwa har wuya. Hannu ɗaya kawai ya bari a sama, riƙe da takarda cikin leda. Ɓaunan ya yi tsaki irin nasu ya tafi.

Da muka jawo shi ciki, abin da ya fara cewa shi ne, "Da ka bar mu, mun kusa fahimtar juna."

Ya ƙi cire kwat a gaban mace. Ya ƙi bargon da ta miƙa masa. Muka kama hawan dutse, iska ta yi sanyi, hazo ya sauko, aka kece da ruwa, rufin motar kuma tun dukan ɓauna ya ƙi rufuwa daidai, yana ɗiga a kansa. Muna shan kwanar da ake fara hango gonakin shayi na ji shi a gefena.

Atishawa.

Ya dafa aljihun ƙirji. Can sai ga ta biyu.

"Ƙura ce," in ji Kawu.

"A cikin ruwan nan?"

"Ƙurar jiya."

Kafin rana ta faɗi gidan Inna Kentaro ya koma asibiti. Ta dafa citta da tafarnuwa da zuma da barkono. Ta tafasa ganyen turare ta lulluɓe shi da bargo a kan tukunya har ya fito kamar dafaffen dankali. Maƙwabci ya kawo wata saiwa, wani ya kawo abin da ba a faɗa wa fasto. Duk ya shanye. Inna tana ta faɗa.

"Mutum da girmansa ya je ya durƙusa wa saniya."

"Ɓauna ne."

"Ko ni ba ka taɓa durƙusa mini ba."

Da safe hancinsa ya tsaya, amma tarin ya sauka ƙirji. Idonsa jawur. Ya kira ni gefe, can wajen gonarsa.

"Ba za a sake ba ni wata takardar ba," ya ce. "Ko an ba ni, ba lallai in same shi ba."

Ban taɓa jin muryarsa haka ba, sai na ji wasan ya fita daga bakina. Na ce ya bar mini. Ai kowa da takunkumi yake shiga, ba mai ganin hanci. Ni kuma ba shiga zan yi ba, ina da 'yancin yin tari yadda na ga dama. Zan tsaya a bayansa wurin jawabi, da na ga kafaɗarsa ta motsa sai in rufe nasa da nawa. Ya dube ni kamar zai mare ni. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya je ya sa takalmi.

Mai yi wa baƙi jawabi a ranar Ninsiima ce, wadda Kawu ya koya wa aiki tun ba ta san kashin biri da na alade ba. Baƙi takwas ne har da shi. Ma'aikata suka yi masa tafi, wani ya miƙa masa sanda da hannu biyu yana dariya. Inna Kentaro ta rako shi da kayan coci da gorar kunun dawa, ta zauna a benci.

Ninsiima ta fara. Kafaɗar Kawu ta motsa, na saki tari kamar tsohuwar babbar mota. Ta sake motsawa, na sake. A karo na huɗu wata baƙuwa ta tashi ta canza wuri, Ninsiima ta ce, "Mujuni, in mutuwa za ka yi, je ka yi a motarka." Na matsa taku biyu na ci gaba da aikina daga can. Da ta zo kan tambayar ko akwai mai mura ko tari, ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ta tsallake ta Kawu. Ba ta hau da su tudun ba ma. Ta ce a tafi.

Na bi su har inda gonar shayi ta ƙare daji ya fara, Inna tana biye da gorarta. Daga nan bishiyoyi ne kamar bango. Oba-oba ta yi ƙara, masu bin sawu suka ce sun same su, ba nisa, Kireju yana zaune yana cin ɓawon itace. Na ga Kawu ya ji. Baƙi suka fara shiga ɗaya bayan ɗaya. Ya zo bakin hanyar, ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya.

"Ninsiima."

"Na'am, Baba."

"Haka na koya miki?"

Ya juyo ya fuskance ta.

"Mutum yana tsaye a gabanki ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa, wani sakarai yana yi masa ganga a baya, ki ce a tafi? Shekarar da mura ta shiga gidan Kireju kina nan. Ke kika ɗauko jaririn birin da ya mutu, a cikin rigarki. Ko kin manta?"

"Ban manta ba, Baba. Tun daga wurin ajiye motoci na ji ka. Na rasa bakin da zan gaya maka ne. Da ka ƙara taku uku da na tare ka."

"Taku uku ya yi yawa."

Ya cire takunkumin, ya juya baya ga dajin, ya yi tarin da ya danne tun safe, har ya dafa gwiwa. Da ya gama ya miƙa mata sandar. Ya ciro takardar daga leda, ya duba, ya rasa inda zai sa ta.

"Kawo nan," in ji Inna Kentaro.

"Ki yi me da ita?"

"Shekara talatin da ɗaya ina wanke lakar wannan biri daga wandonka. Yau sai na ga wanda nake yi wa wanki."

Kawu ya ce da sunansa aka rubuta. Ninsiima ta kira ofis ta oba-oba, aka yi 'yar muhawara, can aka ce kyauta ce ta ma'aikata, gida ɗaya ne, ta shiga. Kawu ya zauna a kan ciyawa ya cire takalman roba, Inna ta zura su a ƙarƙashin doguwar rigarta ta coci. Yana ta ba ta umarni: kada ta nuna shi da yatsa, kada ta kalle shi cikin ido, in ya taso ta tsuguna.

"Na ga inda tsugunon ya kai ka," ta ce, ta miƙa masa gorar, ta shige.

Awa huɗu muka yi a bakin gonar shayi, shi da safa, ni da yunwa. Bai yi mini magana ba sai sau ɗaya, da ya ce tarin da na yi ko ɗan akuya ba zai ruɗa ba.

Da suka fito, ɗankwalin Inna yana hannu, rigar coci ta zama ta gona, ganye a gashinta. Kawu ya miƙe da safarsa.

"Kin gan shi?"

"Bari in zauna tukuna."

"Kin gan shi ko ba ki gan shi ba?"

"Na gan shi. Yana zaune ya baje ciki, yana ci, yana sosa, mata na ta hidima da yara bai ko ɗaga kai ba. Can ya saki tusa mai tsawo ya kwanta. Na ce ikon Allah, ashe abin da nake da shi a gida ne ake hawa dutse a gani."

Masu ɗaukar wa baƙi kaya suka fashe da dariya. Kawu bai yi ba.

"Da wane gefen yake tauna?"

"Hagu."

"Numfashinsa fa? Akwai ƙara?"

Inna ta dube shi, ta bar wasan. "Babu. Na matsa iyakar inda yarinyar nan ta bari, na saurara maka da kyau. Lafiya lau yake ja. Ya ci da yawa. Wani ƙaramin ya hau bayansa yana ja masa gashi, bai kore shi ba."

Kawu ya gyaɗa kai. Ya koma ya zauna, ya juya fuska wajen gonar shayi, ya daɗe yana goge hanci, ya ce murar ce. Sannan ya ce ta sake faɗa masa daga farko, tun daga inda suka shiga, kada ta tsallake komai.

"Sai na ci abinci," in ji Inna. "Kuma takalman nan ni na ɓata su, amma kai za ka wanke."